Yadda Ake Haɗa Maburgin Mayen Ƙarfe na Ɗakin Gwaje-gwaje da Tsohuwar Fankar Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa kula da ɗakin gwaje-gwaje na makarantar sakandare a makon da za a yi jarrabawar aikin hannu ta kemistiri ya san cewa rabin gajiyar makon a juya ruwa take ƙarewa. Ana bukatar lita da dama na ruwan sinadari, kowanne sai an tabbatar ya narke ƙarƙaf kafin a raba wa ɗalibai, ga shi kuma mutum ɗaya ne tal a tsaye da sandar gilashi, yana juyawa yana duban agogo. Na yi shekaru ina wannan aiki a wata makaranta a cikin garin Bauchi, kuma na sha rubuta takardar neman a sayo mana na'urar juya ruwa irin wadda ɗaliban kimiyya na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da na Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke Gwallameji suka saba gani, amma amsar ba ta taɓa wuce a jira kasafi mai zuwa ba. Da jiran ya ishe ni sai na haɗa tawa da tarkacen da ake zubarwa a shagunan masu gyara. Na raɗa mata suna maburgin mayen ƙarfe, domin aikinta ɗaya ne da na maburgin da uwargida ke murzawa a tsakanin tafukanta idan tana burga miyar kuka, illa dai wannan ba shi da mariƙi, kuma babu hannun da ke shiga tukunya.

Yadda abin yake aiki ba shi da wuyar fahimta. Ana jefa ɗan guntun maganaɗisu, wato mayen ƙarfe, mai siffar ƙwayar magani a cikin ruwan da ake son juyawa, sannan a ɗora kwalbar a kan akwatin da ke ɗauke da wani maganaɗisun mai juyawa. Fuskar arewa ta na ƙasa tana jan kan kudu na na sama, fuskar kudu tana jan kan arewa, don haka duk inda na ƙasa ya juya sai na cikin ruwa ya bi shi, alhali gilashi da murfin akwati suna tsakaninsu. Dabarar tsohuwa ce. Wani Ba'amurke mai suna Arthur Rosinger ya sami takardar mallakar fasaharta a shekarar 1944, kuma tun a cikin takardar ya bayyana cewa a lulluɓe guntun da ke shiga ruwa da roba ko gilashi ko tangaran domin kada sinadari ya ci shi. Abin da za mu yi shi ne mu ɗauki fankar kwamfuta ta zama injin juyawa, mu liƙa mata maganaɗisu a cibiya, mu yi mata hanyar rage gudu.

Tun daga nan ya kamata in faɗi abin da na koya bayan na ɓata fanka biyu. Masu fara wannan aiki sukan tsorata da wayoyi, su ba su dukkan hankalinsu, sannan su manna maganaɗisu yadda ya samu. Wayoyin kuwa aikin rabin sa'a ne, kuma duk yaron mai gyaran rediyo zai iya haɗa su. Inda na'urar take yin kyau ko ta lalace abubuwa uku ne: maganaɗisun ya zauna daidai a tsakiya, tazarar fuskokinsa biyu ta dace da tsawon guntun da ke cikin ruwa, kuma ya matso kusa da gindin kwalba iyakar matsowa ba tare da ya goga murfi ba.

Fanka da maganaɗisu

A nemi fankar kwamfutar tebur mai bolt 12, mai faɗin milimita 80 ko 120. Masu gyaran kwamfuta a wajajen Wunti da sauran sassan gari suna da su a jibge cikin kwali, kuma sau da yawa kuɗin shayi kawai za a ba su. A duba takardar da ke manne a bayanta, a zaɓi wadda ke cin amfiya 0.15 zuwa 0.3, domin wadda ta gaza haka nauyin maganaɗisu yana iya hana ta tashi. A kaɗa ta da yatsa a saurara; idan tana ƙara kamar akwai yashi a ciki, ko cibiyarta tana girgiɗi, a ajiye ta a ɗauki wata. Mai waya biyu ta fi sauƙi, ja na shigar wuta, baƙi na dawowa. Idan waya uku ce, ruwan ɗorawar na ƙirga gudu ne, sai a naɗe bakinsa da salatif a ƙyale shi. Wanda zai ciro fankar daga cikin akwatin wutar kwamfuta da kansa ya sani cewa manyan kondensocin da ke ciki suna riƙe wuta mai haɗari ko bayan an zare soket, don haka ya fi kyau a bar mai gyara ya ciro.

Maganaɗisun da ya fi dacewa yana cikin matacciyar ma'ajiyar kwamfuta mai faifai, wadda masu gyara ke kira had-dis. Ana buɗe ta da sukundireba mai bakin tauraro, kuma a lura akwai sukuru ɗaya ko biyu da ke ɓoye a ƙarƙashin takardar murfin. A kusurwar da hannun karatu yake za a ga ƙarfe mai kauri, a jikinsa kuma maganaɗisu mai lanƙwasa kamar jinjirin wata, yana sheƙi. Irin nan ne da ake haɗawa da niyodimiyam da baƙin ƙarfe da boron, wanda aka ƙirƙiro a farkon shekarun 1980, kuma shi ne mafi ƙarfi a cikin waɗanda ake sayarwa. Ranar da na fara ciro nawa a rumfar wani dattijo mai gyaran rediyo, na sa bakin sukundireba a ƙarƙashinsa zan ɓanɓare shi, sai ya riƙe hannuna ya ce, "A'a, Malam, haka za ka fasa shi. Ƙarfen ake lanƙwasawa, ba shi ba." Ya kama ƙarfen da filaya biyu, ɗaya a kowane gefe, ya ɗan tanƙwara shi baya, sai gam ɗin ya yi ƙas ya saki, maganaɗisun ya zame a hankali zuwa gefe. Gaskiyarsa ce, domin duk ƙarfinsa wajen ja, jikinsa gautsi gare shi kamar tangaran, kuma idan farin rufin da ke kansa ya ɓare sai tsatsa ta kama shi.

Abin da ya sa na had-dis ya dace shi ne fuskokinsa biyu suna gefe ɗaya na shimfiɗarsa, rabi arewa rabi kudu, saboda haka guda ɗaya ya isa idan aka kwantar da shi a cibiyar fanka. Aibinsa lanƙwasar, wadda ke sa gano tsakiyar nauyinsa ya yi wuya. Wanda ya sami ƙananan maganaɗisu masu siffar kwabo, masu faɗin milimita 10 zuwa 12, guda biyu ko huɗu, aikinsa zai fi tsafta. Amma su fuskokinsu sama da ƙasa suke, don haka dole a ɗora biyu gefe da gefe, ɗaya arewarsa na kallon sama, ɗayan kudunsa na kallon sama. Hanyar tabbatarwa ita ce a haɗa su su manne, a shafa wa fuskar saman kowanne alama da alƙalamin maka yayin da ake zame su daga juna, sannan a kifar da guda ɗaya, ya zama ɗaya alamarsa na sama, ɗayan tasa na ƙasa. Idan aka kawo maganaɗisu na uku ta sama, ya kamata ɗaya ya ja shi ɗayan ya ture shi. Idan duka biyun suka ja, an yi kuskure, kuma guntun cikin ruwa zai yi ta tsalle ne kawai ba zai juya ba. Maganaɗisun lasifika mai siffar zobe kuwa kada a wahalar da kai da shi, domin fuska ɗaya ce take kallon sama duk kewayensa, ko an juya shi babu abin da ke canjawa.

Zaunar da shi a tsakiya

Gefen fankar da ke da takarda da sanduna huɗu shi ne mazauninta, ba ya juyawa, shi zai kalli ƙasa. Ɗaya gefen, inda cibiyar take a fili, shi zai kalli sama. Kada a amince wa ido wajen gano tsakiya. A ba fankar wuta kaɗan ta fara juyawa, a riƙe fensir da hannu biyu, a jingina hannun a kan firam ɗinta, sannan a sauke bakin fensirin a hankali har ya taɓa cibiyar. Zai zana da'ira cikakkiya. A matsa ciki a sake, a matsa waje a sake, har a sami da'irori uku ko huɗu, ɗaya cikin ɗaya. Waɗannan da'irorin su ne ma'aunin da ba ya ƙarya, domin fankar ce da kanta ta zana su a kan inda take juyawa.

Sai a samo washa ta baƙin ƙarfe mai faɗi, wadda ta kusa cika cibiyar, a goge ta da sanfefa, a liƙa ta da gam mai haɗi biyu irin Araldite, gefenta yana bin ɗaya daga cikin da'irorin daidai wa daida. Wannan washa tana da amfani fiye da yadda ake zato. A cikin cibiyar fankar akwai nata zoben maganaɗisun da kuma wani ɗan ma'auni da ke gaya wa injin lokacin da zai sauya wuta, kuma idan aka manna niyodimiyam kai tsaye a kan robar, ƙarfinsa yana ratsawa ƙasa ya rikita su, har fankar ta cije ta ƙi tashi sai an tura ta da yatsa. Washar tana tattara wannan ƙarfi na ƙasa ta bi da shi ta jikinta daga wannan maganaɗisu zuwa wancan, sai injin ya sarara, jan da ke fuskantar sama kuma ya ɗan ƙaru. Idan duk da haka fankar tana cijewa, a sa ɗan yankin roba mai kaurin milimita 2 ko 3 tsakanin cibiya da washa.

Amfaninta na biyu shi ne tana ba da damar gwaji kafin a yanke hukunci. Da zarar gam ɗinta ya bushe, maganaɗisun za su kama jikinta da kansu, sai a riƙa matsar da su ana dubawa. Ƙa'idar ita ce tazarar da ke tsakanin tsakiyar na farko da tsakiyar na biyu ta yi daidai da tsawon guntun da zai shiga ruwa, ko ta ɗan gaza kaɗan. Guntu mai milimita 25 yana son tazarar milimita 20 zuwa 25, kowanne kuma nisansa daga cibiya ɗaya da na ɗan'uwansa. Tun da suna jan juna ta gefe, a sa ɗan katako ko roba a tsakaninsu don kada su haɗe. A yi wannan gwaji da gudu kaɗan kuma da murfi a kai, domin maganaɗisun da ba a liƙa ba yana iya fizgewa ya tashi kamar dutsen majajjawa. Sai an gamsu sannan a zagaye su da gam, a bar shi kwana ɗaya cur. Fankata ta farko a nan na kashe ta: na yi gaggawa da sufagulu, maganaɗisun ya karkace da abin da bai fi kaurin ashana ba, na'urar ta riƙa tafiya a kan tebur tana ƙugi, kuma ba ta yi mako biyu ba cibiyarta ta sake.

Fukafukan fankar kada a yanke su, ko da yake na ga masu yin haka. Iskar da suke turawa tana hana gudun wuce kima, tana kuma sanyaya kayan wutar da ke ƙasa, sannan yankan da bai yi daidai ba sabon girgiɗi ne.

Akwati kowane iri ya yi, muddin murfinsa shimfiɗaɗɗe ne, siriri, mai tauri, kuma maganaɗisu ba ya kama shi. Robar abinci mai kauri ta yi, akwatin katako da aka rufe da falle na roba mai haske ko gilashi mai milimita 3 ya fi. Kwano ko langa ba za su yi ba, domin baƙin ƙarfe yana shanye jan gaba ɗaya. Alminiyam kuma, ko da yake maganaɗisu ba ya kama shi, idan mai ƙarfi yana juyawa dab da shi yana haifar da wata wuta mai kewaya a jikinsa, wadda ke yi wa fankar birki tana ɗumama murfin. A rataye fankar a jikin murfin da dogayen sukurori huɗu, kowanne da noti uku, ɗaya yana ɗaure sukurun a murfi, biyu suna riƙe kunnen fankar sama da ƙasa, ta yadda za a iya ɗaga ta ko sauke ta da murza noti. A nutsar da kawunan sukurorin cikin murfin don kada su tokare kwalba. Tazarar da ake nema tsakanin maganaɗisu da murfi milimita 2 ce zuwa 3. Dalilin wannan ƙeƙe-da-ƙeƙe shi ne ƙarfin maganaɗisu yana faɗuwa da sauri ƙwarai idan aka ja baya. Da an ɗan yi nisa, ninka tazara sau biyu yana mayar da shi kusan kashi ɗaya cikin takwas. A huda ƴan ramuka a gefen akwatin don iska, a sa masa ƙafafu na roba, ko da yankan tsohon silifa ne.

Rage gudu

Fankar kwamfuta a kan cikakken bolt 12 tana yin juyi dubu ɗaya zuwa uku a minti, gwargwadon girmanta, kuma idan aka kunna ta haka kwatsam, guntun cikin ruwa ba zai iya kamo ta ba. Dole ta fara a hankali. Kuskuren da aka fi yi shi ne a sa abin murzawar nan da masu gyaran rediyo ke kira bolum shi kaɗai a kan wayar fanka. Ƙaramin bolum bai wuce ya ɗauki rubu'in wat ko ƙasa da haka ba, fanka kuwa tana jan abin da ya ninka wannan, sai ka ji wari, ka ga hayaƙi. Hanyar da ta dace ita ce a bar bolum ya zama mai ba da umarni kawai, a ɗora nauyin a kan ɗan sassauta wuta mai lamba LM317, wanda ake samu a duk shagon kayan gyaran rediyo da talabijin.

Ƙafafu uku gare shi. Idan aka riƙe shi rubutun yana kallon mutum, ƙafafun suna ƙasa, ta hagu ita ce ta daidaitawa, ta tsakiya ta fitar wuta, ta dama ta shigar wuta. A kiyaye wannan sosai, domin ƴan'uwansa masu lamba 7805 da 7812, waɗanda masu gyara suka fi sabawa da su, kamarsu ɗaya amma jerin ƙafafunsu dabam ne. Ni kaina na taɓa haɗa shi a kan wancan jerin, na wuni ina zargin fanka. Wayar ja daga wuta ta bi ta makunni ta shiga ƙafar dama. Ƙafar tsakiya ta tafi jan wayar fanka. A sa rezista, wato ɗan abin taƙaita wuta, mai om 240 tsakanin ƙafar tsakiya da ta hagu. Daga ƙafar hagu a sa rezista mai om 680, a bi ta da bolum mai om 1000, wanda aka haɗe ƙafarsa ta tsakiya da ɗaya ta gefe, sauran ƙafar kuma ta sauka a baƙin waya, inda baƙin wayar fanka ma zai sauka. Lissafinsa shi ne a raba jimillar rezistocin ƙasa da 240, a ƙara ɗaya, a ninka da 1.25. Idan bolum yana ƙasa za a sami kimanin bolt 4.8, idan an murza shi ƙarshe a sami bolt 10, wanda shi ne kusan iyakar abin da LM317 zai iya bayarwa daga bolt 12, tun da yana riƙe wajen bolt 2 don kansa. Wannan zangon ya dace da yawancin fankoki, domin ƙasa da bolt 5 da wuya su motsa. Idan 240 ta yi wuyar samu, 220 ta yi. A ƙara ƙaramar kondensa mai maikurofarad 0.1 tsakanin ƙafar shiga da baƙin waya, da wata mai 1 zuwa 10 tsakanin ƙafar fita da baƙin waya, ana lura da gefenta mai ratsi, wanda shi ne na baƙin waya. A narka dalma a kowace mahaɗa. Wayar da aka murɗe da hannu girgiza za ta kwance ta.

Duk wutar da LM317 ya hana fanka zafi take zama a jikinsa. Idan bolt 12 ya shiga, 6 ya fita, fanka tana jan amfiya 0.2, wat 1.2 ke nan, kuma a zafin Bauchi na watan Maris da Afrilu wannan ya isa ya sa yatsa ba zai iya taɓa shi ba. A ɗaure masa guntun alminiyam a bayansa, amma a sani ƙarfen bayan nasa haɗe yake da ƙafar fita, don haka kada ya taɓa wani waya. Wanda ba ya son wannan haɗe-haɗen zai iya sayen ɗan allon rage gudun injin da ake sayarwa a haɗe, mai datsa wuta yana saki da sauri, sai dai wasu fankokin suna yin kuka a kansa.

Wutar kuwa adaftar tsohuwar dikoda ko ta na'urar intanet mai bolt 12 da amfiya 1 ta wadatar. A gwada bakinta da mita kafin a haɗa. Cajar waya bolt 5 ce, ba ta isa ba. Ta laftof kuma yawanci 19 ce, zafin zai yi yawa. Tun da ba kullum wuta ke zama ba, na fitar wa tawa waya biyu masu maƙali don batirin sola, na sa fis mai amfiya 1 da dayod 1N4007, mai barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, a kan jan wayar, saboda ranar da wani ɗalibi zai juya maƙalan.

Guntun cikin ruwa

Idan da hali, wannan kam a saya. Na kamfani fari ne, an lulluɓe shi da Teflon, robar da kusan babu sinadarin ɗakin gwaji da ke cinta, wadda ke jure zafi har wajen digiri 260, kuma masu sayar da kayan kimiyya suna kawo shi da tsayi iri-iri. Mai milimita 20 zuwa 30, wanda ke da ɗan zobe a ƙugu da yake juyawa a kai, shi ya dace da bika, wato kofin gilashi na ɗakin gwaji, mai mililita 250 zuwa 500. Idan bai samu ba, a yanke ƙusa mai tsawon milimita 20, a cire kan, a zura ta a siririn bututun gilashi, a narke bakunan biyu a harshen wutar Bunsen ana jujjuyawa har su rufe su yi sumul, a bar shi ya huce a hankali. A jiƙa shi a ruwan gishiri kwana biyu. Idan jan tsatsa ya bayyana a ciki, akwai kafa, sai a sake. Ƙusa ba maganaɗisu ba ce, amma na ƙasa yana mayar da ita haka muddin tana kusa, kuma tana juyawa, ko da yake riƙonta bai kai na kamfani ba. Kada a yi wannan da niyodimiyam, domin irin na yau da kullum yana fara rasa ƙarfinsa daga wajen digiri 80, harshen wuta kuwa kashe shi zai yi murus. Ƙusa tsirara kuma ba ta shiga ruwan gwaji, musamman mai asid, domin za ta narke ta ɓata sakamako.

Gwajin farko a yi shi da ruwa zalla, rabin bika mai shimfiɗaɗɗen gindi. A zura guntun ta gefen bikar a karkace, kada a sako shi daga sama ya fasa gindin. Da an ɗora a tsakiyar murfi za a ji ya yi ƙat ya daidaita kansa. A zana da'ira a wurin don gaba. A kunna a kan mafi ƙarancin gudu, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Da farko fuskar ruwan za ta ɗan lotsa a tsakiya, sannan ramin ya zurfafa ya zama kamar mazurari, siririn wutsiyarsa tana saukowa. Idan guntun ya fizge ya koma gefe yana kakkaɓi yana buga gilashi, a mayar da bolum ƙasa gaba ɗaya, a jira ya koma mazauninsa, a sake hawa. Idan tun a ƙaramin gudu yake wannan rawar, to ko tazarar maganaɗisun ba ta dace da tsawonsa ba, ko fankar ta yi nisa da murfi, sai a murza notocin a ɗaga ta. Idan kuma ya danne ƙasa yana ƙara yana tsayar da fanka, jan ya yi yawa, a sauke ta kaɗan. Kwalba mai tudu a gindi, irin ta lemo, ba za ta taɓa yi ba.

Ramin mai zurfi yana burge ɗalibai, amma ba shi ake nema ba, domin idan wutsiyarsa ta kai ga guntun iska yake ja cikin ruwan, ga fantsama. Wajen narkar da giram 4 na soda mai ƙuna a ruwa don haɗa lita ɗaya mai ƙarfin mol 0.1, lotsawa kaɗan ta isa, kuma a riƙa zuba ƙwayoyin kaɗan-kaɗan tun da suna fitar da zafi. Inda na fi jin daɗinta shi ne wajen ɗiga asid daga buret, wato dogon bututun gilashi mai ɗan famfo, domin hannu biyu sun sami ƴanci, ido kuma yana kan launi kawai. Nakan shimfiɗa farar takarda a kan murfin, in jiƙa kanwa in tace, in zuba mata ruwan zoɓo, wanda ke komawa kore-kore a cikinta, sannan in sa ɗalibi ya riƙa sakin ruwan asid ɗigo-ɗigo. Kowane ɗigo yana yin jan zare da ke naɗewa cikin ramin ya ɓace, har a kai ɗigon da jan zai tsaya bai ɓace ba. Wata ɗaliba ta taɓa ce mini, "Malam, ashe da can ba mu ne ba mu iya ba, hannunmu ne ba ya girgizawa daidai." Duk da haka ina sa su koyi girgiza filas da hannu, domin a zauren WAEC da NECO da hannun za su yi.

Tana da iyaka, kuma gara a san ta tun da wuri. Ba ta dafa komai, kuma ba a ɗora mata bikar da ta fito daga wuta, saboda murfin roba da maganaɗisun da ke ƙarƙashinsa. Abu mai kauri irin kokon sitaci ko sabulun ruwa ya fi ƙarfinta, haka ma abin da ya wuce lita ɗaya sai an ci sa'ar maganaɗisu mai kyau. Kada a yi aiki da ita kusa da fetur ko sinadarin ita (ether) ko wani abu mai saurin kamawa, domin makunni yana iya yin tartsatsi, asiton kuma yana cin robar murfi. Maganaɗisun kansa yana matse fatar yatsa har jini ya taru, yana ɓata agogo mai hannu da baƙin ratsin katin banki, kuma mai na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji ya nisance shi. Mafi muni shi ne yaro ya haɗiye guda biyu, domin suna kama juna ta bangon hanji su huda shi, saboda haka ragowar a kulle su a durowa.

Idan an gama aiki, kafin a juye ruwan a kawo wani maganaɗisu ta wajen gilashin a jawo guntun sama a cire shi. Na rasa biyu a magudanar sinki kafin wannan ya zame mini jiki. A wanke shi da tataccen ruwa, a ajiye shi shi kaɗai a ƴar kwalba, nesa da ƙusoshi. Lokacin hunturu a rufe na'urar da leda, domin ƙurar da ke shiga ta ramukan iska tana ɗauke da ɓurɓushin ƙarfe, wanda ke taruwa a kan maganaɗisun kamar gashi har ya fara goga murfi. Sau ɗaya a zango a buɗe ta, a danna salatif a kansu a ɗaga, ɓurɓushin zai biyo shi, sannan a ɗaga takardar bayan fankar a ɗiga mata ɗigo ɗaya na man keken ɗinki a mayar da takardar.